An hana dangi shiga dubiya a ICU, ni kuma ake ganin laifina

Ɗan_Runjin_Sambo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa zaman jinya. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, hawan jini ya kayar da shi makon jiya yana shirin fita sallar asuba. Likitoci sun ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa. Yanzu yana ICU, wato sashen kula da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, a wani asibiti nan cikin gari, an sa masa injin numfashi. Dokar wurin ita ce mutum biyu kawai a yini, ɗaya bayan ɗaya, da yamma, kuma 'yan mintuna. Ni nake kwana a wurin don 'ya'yansa ba su yi ƙwari ba, babban ma yana sakandare.

Jiya mutanen gida suka ciko mota daga wajen Gwadabawa, har da Gwaggo, yayarsa, wadda da ƙyar take taka ƙafa. Aka ce ni zan zaɓi masu shiga. Na shigar da Gwaggo da matarsa. Sauran suka koma rai a ɓace, wani kawunmu har ya ce na mai da Baffa nawa ni kaɗai. Abin ya tsaya mini a rai. Shin wanda ya zo bai ga marar lafiya ba ya yi dubiya? Kuma ya kuke yi da dangi in haka ta faru?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baffa lafiya, ya sa kaffara ne. Kai kuma Allah ya saka maka. Ba ka yi laifi ba, 'yar uwarsa da matarsa ai su ne a gaba.

Bagobiri77:
Allah shi tashi kafaɗunsa. Wanga abu munka gani lokacin da ƙanena yai hatsari hanyar Illela. Mutane sunka zo da yawa, anka hana su shiga, har yau akwai masu ƙorafi. Ka yi haƙuri da su, ba mugunta ba ta, zafin abin na.

Sista_Arkilla:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a irin wannan sashe, bari in faɗi dalilin dokar ko za ka samu abin da za ka gaya wa kawunku.

Mutumin da ke kan injin numfashi akwai roba a maƙogwaronsa da ta shiga har hanyar huhu. Galibi akwai wata a jijiyar wuya ko ta hannu, akwai ta fitsari, akwai ta hanci da ake ba shi abinci. Duk inda roba ta shiga jiki, ƙwayar cuta ta samu hanya. Shi ba ya iya tari ya fitar da abin da ya shiga ƙirjinsa yadda ni da kai muke yi. Murar da kawu zai sha shayi da citta ta wuce, shi tana iya zama masa ciwon huhu, kuma ciwon huhu na cikin abubuwan da muka fi tsoro ga mai injin numfashi.

Sannan ba Baffa kaɗai ne a ɗakin ba. Gado na kusa da shi wataƙila mace ce da aka yi wa aiki, zani ɗaya ne a jikinta. Kowane lokaci numfashin wani na iya tsayawa, mu ruga da kayan aiki. In mutum goma na tsaye, ta ina za mu bi? Nas ɗaya a can marar lafiya ɗaya ko biyu take riƙe da su, idonta na kan na'ura, ba ta da sukunin tsaron masu dubiya.

Wanda zai shiga: ya wanke hannu da sabulu ko ya shafa sanitaiza kafin shiga da bayan fita, ya sa rigar da aka ba shi, ya cire takalmi in an ce ya cire, kada ya zauna kan gado, kada ya taɓa roba ko waya ko ɗaya. Mai mura, tari, zazzaɓi ko gudawa ya tsaya a waje ko da shi ne babban gida.

Talaka_Bawan_Allah:
Sista duk abin da kika faɗa na yarda, amma ki faɗi gaskiya, dokar nan talaka take ci. Na ga da idona a wani asibiti an kwantar da wani babban mutum, jama'a suna shiga da manyan riguna huɗu-huɗu, mai gadi har yana rusunawa. Mu kuma mahaifiyarmu tana ciki, na roƙi a bar ni in gan ta da rana aka ce sai yamma. Kafin la'asar ta cika. Ina bakin ƙofa, tsakanina da ita bango ɗaya, ban laƙƙana mata kalmar shahada ba. Shekaru sun wuce amma in na tuna sai barci ya gagare ni. Don haka in na ji ana cewa dangi su yi haƙuri, nakan ce mai faɗa bai ɗanɗana ba.

Maman_Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta.

Sista_Arkilla:
@Talaka_Bawan_Allah Allah ya gafarta mata. Ba zan musa maka ba, ana yin abin da ka gani, kuma ba daidai ba ne. Babban mutumin ma cutarsa aka yi, da shi da waɗanda ke kwance kusa da shi. Abin da ya same ka kuwa bai kamata ya samu kowa ba. In likitoci suka ga jiki ya juya, a kira makusanta su shigo ko da ba lokacin dubiya ba ne, haka aka koya mana. Wani lokaci abin yakan zo farat ɗaya babu wanda ya zata, wani lokaci kuma sakaci ne. Shi ya sa nake ba Ɗan_Runjin_Sambo shawara tun yanzu ya samu shugabar masu jinya ta sashen, ya ba ta lambarsa, ya ce mata ƙarara: in an ga wani canji, dare ko rana, a kira mu. Kuma kada ya yi nisa da ƙofa ba tare da ya bar wani a madadinsa ba.

Almajirin_Malam:
Bismillah. A kan tambayar farko. Duba marar lafiya yana cikin haƙƙoƙin musulmi a kan ɗan uwansa, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, tare da amsa sallama da rakiyar jana'iza da amsa gayyata da gaida mai atishawa. Babu mai ja a kan wannan. Amma malamai sun yi bayanin ladubbansa, ciki har da kada a daɗe, kada a je lokacin da zai takura, kuma ƙa'idar babu cuta babu cutarwa tana aiki a nan.

Akwai kuma wani abu da ya dace da halin da kuke ciki. A rashin lafiyar da Annabi (SAW) ya yi wafati a cikinta, Sayyidina Ali ya fito daga wurinsa, mutane suka tambaye shi yadda Manzon Allah ya kwana, ya ba su amsa. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas. Daga nan malamai suka ɗauko cewa tambayar iyalan marar lafiya halin da yake ciki abu ne mai kyau. Wanda ya baro Gwadabawa da niyyar dubiya, ya iso, ya gaida masu jinya, ya yi addu'a, doka ta tsayar da shi a ƙofa, muna kyautata wa Allah zato ladansa na nan. Allah ne mafi sani.

Wanda ya samu shiga, ya ce la ba'asa, ɗahurun in sha Allah. Ya kuma karanta as'alullahal Azim, Rabbal Arshil Azim, an yashfiyaka sau bakwai. Bai kai minti biyu ba.

Ɗan_Runjin_Sambo:
Na gode ƙwarai, Malam. Zan tura wa kawu wannan. Sista na yi yadda kika ce, sun karɓi lambata. Ga wata kuma: Gwaggo ta zo da rubutu a gora da ruwan Zamzam, ta ce lallai a ba shi. Nas ta hana. Gwaggo ta yi kuka, ta bar mini gorar ta ce amana.

Bagobiri77:
To mi za ya hana a ba shi? Ayar Allah ta. Mu dai mun ɗiga ma ƙanena da cokali kuma ya tashi.

Likita_BK:
@Bagobiri77 Alhamdu lillahi da ya tashi, amma don Allah kada wani ya kwaikwayi wannan. Ni likita ne, ɓangaren sa barci, kuma a yawancin asibitocinmu mu ne ke riƙe da ICU. Mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya daidai. Abin da ka ɗiga masa a baki, ko ruwa ne tsarkakakke, yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Ba zancen rubutu ko Zamzam ba ne, ko ruwan famfo ne ko kunu ko madara hukuncin ɗaya ne. Na sha ganin wanda ya fara samun sauƙi, wani mai ƙaunarsa ya ba shi abu a ɓoye, dare bai raba ba iskar jininsa ta faɗi.

Abin da nake ce wa iyalai: ku zo mu yi magana, kada ku ɓoye. Zamzam a jiƙa auduga mai tsabta a shafa masa a goshi ko a hannu, galibi ba mai hana ku in kun tambaya. Addu'a a kusa da kunnensa, ba mai hana ku. Abin da zai shiga ciki kuwa, ko ta robar hanci ne, sai likitan da ke duba shi ya amince, don akwai lokacin da ko ruwan da ke shiga jikinsa aunawa ake yi, ana kwatanta shi da fitsarin da ya fita. Maganin gargajiya na saiwa ko gari kuma a ajiye shi gaba ɗaya, ƙoda da hanta suna cikin wahala a wannan hali.

Hajiyar_Mabera:
Ɗana ka ajiye wa Gwaggo gorarta. Ka ce mata an shafa masa Zamzam, in ka tambaya an yarda ka shafa ɗin da gaske, kada ka yi mata ƙarya. Tsohuwa so take ta ji ta yi wa ƙanenta wani abu da hannunta. In ta sake shiga ka ce ta riƙe hannunsa ta yi masa addu'a, ita ma zuciyarta za ta yi sanyi.

Ummu_Sudais:
Ni na kwanta a can, don haka bari in faɗi ta ɓangaren wanda ke kan gadon. Jijjiga ce ta kama ni bayan haihuwa, ban san inda nake ba na kwanaki. Mutane suna ɗauka ba ka ji. Wani abin ba ka ji, wani kana ji sama-sama kamar daga nesa. Na ji muryar mahaifiyata tana karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, na gane ta, na so in motsa yatsa in nuna mata na kasa. Kuma na ji wasu mata biyu a kaina, ɗaya tana cewa wannan kam sai dai wani ikon Allah, wa zai riƙe jaririn? Har yau na san muryar wadda ta faɗa. Ban taɓa gaya mata ba, muna gaisawa, amma tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ga shi ba bakin da zan ce ina nan da raina.

Da na fara farfaɗowa kuma kaina ya rikice. Ba taga kusa da ni, fitila a kunne dare da rana, na'urori suna ta ƙara. Na ɗauka an sace ni ne, na yi ta ƙoƙarin fizge robar hanci har sai da aka ɗaure mini hannu da bandeji. Mijina ne ya riƙa shigowa yana cewa yau Talata, kina asibiti, kin haifi namiji, yana wurin Inna, yana shan madara, lafiyarsa lau. Kullum sai ya maimaita. Wannan maganar ita ta dawo da ni cikin hankalina, fiye da duk wata gaisuwa.

Don haka ni a ganina ba yawan masu shiga ba ne. A samu mutum ɗaya ko biyu da ya saba da muryarsu su riƙa zuwa kullum. Mai kuka da ƙarfi a riƙe shi a waje har ya natsu. Maganar gado, bashi, ko kuɗin asibiti kada a yi ta a kansa.

Maman_Hanifa:
Subhanallah, Ummu_Sudais jikina ya yi sanyi. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yaro.

Likita_BK:
Abin da Ummu_Sudais ta faɗa na rikicewar kai sananne ne, yana samun marasa lafiya da yawa a ICU, musamman tsofaffi da waɗanda suka daɗe a kan inji. Abin da mijinta ya yi shi muke roƙon iyalai su yi: a gaya masa rana, a gaya masa inda yake, in yana sa tabarau a kawo masa. Ɗaure hannu kuma ba mugunta ba ce, in ya fizge robar numfashi abin na iya zama babba cikin mintuna.

Ɗan_Runjin_Sambo, ka riƙa shirya duk wanda zai shiga kafin ya shiga. Ka ce masa zai ga fuska da hannuwa sun kumbura, zai ga filasta a baki, zai ji na'ura tana ƙara. Yawancin ƙarar nan ba wani abu ba ne, abin da ake maƙalawa a yatsa ne ya zame ko ruwan da ake ƙara masa ya ƙare. Lambar iskar jini ga mai lafiya takan kasance 95 zuwa 100, amma kada ku zauna kuna ƙirga lambobi, kowane marar lafiya da inda muke so tasa ta tsaya. In kun ji muna cewa yana 7 ko yana 10, ma'aunin farkawa ne, daga 3 zuwa 15 yake. Kuma sau da yawa mu ne muke ba shi maganin barci da gangan don ƙwaƙwalwa ta huta kuma kada ya yi faɗa da injin, don haka rashin buɗe ido ba kullum yake nufin jiki ya ƙara tsanani ba.

Sarkin_Yaƙin_Minannata:
Likita tunda kana nan, gaskiya ne in an sa wa mutum oksijin ko injin nan to shi ke nan? A unguwarmu akwai waɗanda suka sa hannu suka ɗauke mahaifinsu da aka ce za a kai shi gobe da nisa, suka ce gara ya cika a ɗakinsa.

Likita_BK:
Ba gaskiya ba ne. Ga Ummu_Sudais nan tana rubutu da hannunta. Abin da ya sa mutane ke ganin haka, waɗanda jikinsu ya fi tsanani su ake sa wa, kuma da yawa ba a kawo su sai an gama zagaye, wasu kuwa dole za su rasu. Sai a ɗora wa oksijin. Injin ba ya warkar da ciwo, numfashi yake riƙe wa mutum har magani ya yi aiki ko kumburi ya sauka. Ba zan ce kowa na tashi ba, zubar jini a ƙwaƙwalwa babban ciwo ne, kuma ban ga Baffa ba balle in ce ga yadda za ta kasance. Likitocinsa za a tambaya, kuma haƙƙinku ne su yi muku bayani da Hausa har ku gane.

Bello_Mai_Shago:
Ni inda nake so a duba, kuɗin motar nan. Mutum goma sha sun yi shata daga ƙauye, zuwa da dawowa, ga abinci a hanya. Da an haɗa kuɗin an turo mutum biyu da shi, da ya sayi maganin kwana ɗaya ko biyu. Duk wanda ya yi jinya a ICU ya san yadda takarda ke fitowa: safe a rubuto allura, rana a rubuto gwajin jini, dare a ce a kawo safar hannu da sirinji. Ga kuɗin gado kullum. Mun sayar da fili a kan mahaifinmu, masu dubiya kuwa lemo da ayaba suke ta kawowa, mutumin da ko ruwa ba ya sha.

Bagobiri77:
Bello kai ɗan birni na shi ya sa. Can gida in ba ka taka ka zo ba, ko miliyan ka aiko cewa za a yi ka yada zumunta. Zumunta a ƙafa take. Mutanen nan sun bar gonakinsu da dabbobinsu sunka taho, kada a maishe su kamar sun yi laihi.

Hajiyar_Mabera:
Duka biyun kuna da gaskiya, amma ni na fi karkata ga Bagobiri a nan. Abin da ya ɓata wa kawu rai ba rashin ganin Baffa kaɗai ba ne. Babba ne, ya zo gaban jama'a, yaron da aka haifa a gabansa shi ke cewa wane ya shiga wane ya tsaya. Da ciwo. Lokacin da maigidana ya kwanta, abin da muka yi shi ne muka shimfiɗa tabarmi a inuwa can nesa da ƙofar sashen, muka ajiye ruwan sanyi. Duk wanda ya zo a tarbe shi, a zaunar da shi, a ba shi labarin jiki dalla-dalla, a ce wane ja mana addu'a. Mutum ya tafi yana jin an karɓi zuwansa. Zaɓen mai shiga kuwa muka miƙa wa babban wansa, muka ce Yaya kai za ka tsara, mu namu bi. Da kansa ya riƙa hana mutane, ba wanda ya ce uffan.

Ɗana ka kira kawu a waya, ka gaishe shi, ka ce ga yadda dokar take, kana so shi ya raba kwanakin. Ka sa shi a na farko.

Talaka_Bawan_Allah:
Hajiya ta kawo hanya mai kyau. Amma ina nan a kan bakana, minti biyar ga mutum biyu a yini ya yi kaɗan. Matar mutum fa? A ce ita ma sai ta shiga layi da masu dubiya? Ya kamata a ware mata da uwa da 'ya'ya daban.

Sista_Arkilla:
A wannan ina tare da kai. Wasu sassan suna sassauta wa mace ko miji ko uwa in an nemi alfarma cikin natsuwa, musamman in ba a cikin wani aiki. Lokacin zagayen likitoci da safe, da lokacin canjin ma'aikata, da lokacin da ake yi masa wanka ko juya shi, nan ne ba a so, kuma juyawar nan kusan duk bayan awa biyu ake yi don kada bayansa ya yi gyambo. A tambaya dai. Tun korona a 2020 wurare da yawa suka ƙara tsanantawa, wasu ba su sassauta ba har yanzu.

Zarah_Gidan_Igwai:
Don Allah a ƙara da maganar waya. Wata 'yar uwarmu ta shiga duba kakarmu, ta ɗauki hotonta da roba a baki, kai ba ɗankwali, ta sa a status wai a taya mu da addu'a. Kafin magariba hoton ya zaga dangi har Yamai, wani ya ƙara masa Allah ya jiƙanta, mutane suka fara zuwa gida gaisuwa tana raye. Matar da ko ƙofar gida ba ta fita ba lulluɓi. In addu'a ake nema a rubuta kawai, ba sai an nuna tsiraicin mutum ba. Kuma a samu mutum ɗaya da zai riƙa ba da labari, ba kowa ya fito ya faɗi abin da ya ga dama ba.

Bello_Mai_Shago:
Tunda Bagobiri ya ce dole a zo, to masu zuwa su zo da amfani. Matasan da ke cikin motar nan su ba da jini. In kana da lafiya, ka kai shekara 18, nauyinka ya kai kilo 50, za a gwada ka a ɗiba, ba ya rage ka da komai. Ko Baffa bai buƙata ba yau, wani na ciki yana buƙata, kuma in tasa ta taso ba a fara neman mutane da tsakar dare ba. Wani kuma ya karɓi Ɗan_Runjin_Sambo kwana ɗaya ya je gida ya yi wanka ya yi barci. Mai jinya a baranda yake kwana, ga sauro, ga zafin garin nan da ke haura 40 in bazara ta yi. Ba mai tambayarsa ko ya ci abinci. Sannan a bincika ofishin walwala na asibitin, a kuma gwada Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ba a san inda sauƙi zai fito ba. In ma'aikaci ne yana da inshorar lafiya a tambayi abin da ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba tun yanzu.

Ɗan_Runjin_Sambo:
Hajiya na kira kawu. Da farko ya yi ta faɗa, na yi shiru har ya gama, sannan na ce shi muke so ya tsara. Ya ce zai zo jibi da mutum ɗaya. Bai ce ya huce ba amma ya tambayi abin da ake kashewa. An bar ni na shafa Zamzam ɗin a goshi. Jikin dai yana nan yadda yake, sun ce za su rage maganin barci su gani. Malam, matarsa tana tambaya, sallolin da suka wuce shi fa? Za a yi masa ne ko a ciyar?

Almajirin_Malam:
Ba a yi wa wani salla, kuma babu ciyarwa a kanta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya suma ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana cikin suma, haka yake a Risala. Hanbaliyya suna ganin zai rama. Wanda kuma magani ne ya sa shi barci, akwai maganar malamai a kai daban, in Allah ya tashe shi sai a zauna da malami a duba. In ya farfaɗo hankalinsa ya dawo, zai yi salla yadda ya iya, a kwance, da nuni, da taimama in ruwa zai cutar da shi. Ku gaya mata ta kwantar da hankalinta a kan wannan.

Maman_Hanifa:
To yaron nan na sakandare fa, an bar shi ya ga babansa? Ni da za a bi tawa a bar shi. Ba ƙaramin yaro ba ne, kuma in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, abin da ke damun Talaka_Bawan_Allah shi zai dame shi.

Zarah_Gidan_Igwai:
Ni kuma ina tsoron kada ganin ya zauna masa a rai. Ƙanwata da ta ga kaka a haka ta yi wata tana firgita cikin barci. A bari a cire robar bakin tukuna.

Hajiyar_Mabera:
A tambayi yaron. In ya ce yana so, a gaya masa abin da zai gani, babba ya riƙe hannunsa su shiga tare. In ya ce a'a kada a matsa, kada kuma a ce masa ba shi da tausayi.

Sista_Arkilla:
Ƙananan yara dai ba a barinsu, wannan kusan ko'ina haka ne. Na sakandare kuwa ya danganta da shekarunsa da kuma sashen, wasu za su yarda in an nemi izini tun da wuri aka ce ɗansa ne na fari. Ɗan_Runjin_Sambo ka tambayi shugabar gobe da safe bayan zagaye, kuma ka tambaya ko za a ƙirga shi cikin mutum biyun ko daban, don kada ya ci gurbin kawu ranar da zai zo.

Talaka_Bawan_Allah:
A bar yaron ya shiga. Ko gurbin wa zai ci.

Bagobiri77:
Ranar da kawu za ya zo ka sanar da mu nan, ina kusa da wurin, in kawo muku abincin rana. Jinina O na, in ana bukata.